Furannin da Ke Jure Ranin Zariya

A hirar da masu sha'awar furanni suka yi a Samaru, kusan kowa ya ce kada a yi gaggawar dasawa da ruwan farko. A jira watan Yuni, lokacin da damina ta zauna, don saiwa ta kama kafin hunturu.

A cikin furannin, shukar kariya ce ta fi samun yabo. Gindinta mai kauri yana ajiye ruwa, kuma tana fure a tsakiyar rani, lokacin da komai ya bushe. Yawan ban ruwa ne ke ruɓar da ita, saboda haka a haɗa mata ƙasa da yashi. Sai dai ruwan jikinta guba ne, a nisanta ta daga yara da awaki. Lalle ma ya samu magoya baya, saboda ƙamshin furensa da dare, ga amfanin ganyen.

Albasar kwaɗi, wadda ke fitowa a fadama, ta jawo gardama. Wasu sun ce ciyawa ce kawai. Ni dai ina tare da masu tono ta su kawo gida, domin kowace damina da kanta take dawowa.

Kan taki babu saɓani: kashin shanu sai wanda ya ruɓe, ɗanye yana ƙona saiwa.