Me ke raunana laisosom idan ƙwayar halitta ta tsufa?

Hadiza:
Assalamu alaikum, malamai. An koya mana cewa laisosom, wadda Christian de Duve ya gano a 1955, ita ce ke narkar da tarkacen cikin ƙwayar halitta. Mene ne ke lalacewa a cikinta idan shekaru suka ja?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, 'yata. Babban abin dubawa shi ne tsaminta. Sinadaran narkarwar da ke cikinta ba sa aiki sosai sai ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami, yana tsakanin 4.5 da 5, kuma wani famfo mai suna V-ATPase ne ke kiyaye wannan tsamin. Idan famfon ya yi sanyi, tarkace yakan shiga amma ba ya narkewa duka, har ya taru ya zama lipofusin, wani abu mai launin ƙasa-ƙasa. An fi ganinsa a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na tsokar zuciya, domin su ba sa rabuwa balle su rage wannan kaya.

Dokta Amina:
Malam, bari in ɗora a kan bayaninka. Lalatattun mitokondiriya, wato sassan da ke samar wa ƙwayar halitta makamashi, su ma laisosom ake kai wa ta hanyar otofaji, wato yadda ƙwayar ke tattara lalatattun sassanta don a narkar da su, tsarin da bincike a kansa ya jawo wa Yoshinori Ohsumi kyautar Nobel a 2016, kuma idan ba a kawar da su ba, gubar da suke fitarwa tana ƙara raunana laisosom. A ganina, nan ne lamarin ya fi muni. Wani abin da ke nuna illar raunin laisosom shi ne, canji a ƙwayar gado ta GBA1, mai samar da ɗaya daga cikin sinadaran laisosom, yana ƙara haɗarin cutar Parkinson.