Tsohuwar mage: barci da rana, kuka da dare

Hajiya: Salamu alaikum 'yan zaure. Mage mai shekara 13, wuni take barci, dare ya yi ta kama kuka tana zagaye gida. Tsufa ne ko ciwo?

Dakta: Wa alaikumus salam Hajiya. Barcin ba shi ne abin tsoro ba. Lafiyayyar mage tana yin awa 12 zuwa 16, tsohuwa kan kai 18 ko fiye. Kukan daren nan shi za ki bi. In tana ci sosai amma tana ramewa, ana zargin ƙwayar tayirod ta wuya tana aiki fiye da ƙima. In tana shan ruwa da yawa, fitsari ya ƙaru, ana zargin ciwon ƙoda. Duka biyun suna jawo hawan jini, shi kuma yana iya makantar da ita farat ɗaya, ki ga tana karo da bango. Sai an tabbatar ba waɗannan ba ne ta hanyar gwajin jini da na fitsari kafin a ce ruɗewar tsufa ce ko kurumta. Kafin ki kai ta, ki auna ruwan da take sha a yini da kofi: mai kilo 4 wajen mililita 200 ne, in ya kusa 400 akwai matsala. Ki ƙirga numfashinta tana barci na daƙiƙa 30 ki ninka biyu. Kada ya wuce 30 a minti.

Malam: A ba ta rabin Panadol mana ta samu sauƙin jiki.

Dakta: Don Allah Malam kada a yi. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi. Rabin ƙwaya ma yana lalata jininta, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, ta mutu. Ibuprofen kuma ƙoda yake kashewa.

Malam: To, Allah ya kiyaye. Na janye.

Anti: Hajiya ki duba ko ta daina hawa kujera ko katanga. Ciwon gaɓoɓi ne ke sa su kwanciya wuri ɗaya. Kwali da tsohon bargo ninki biyu, a ɗaga daga siminti, nesa da ƙofa saboda iskar hunturu. Tiren yashin da take bahaya a ciki kuma bakinsa ya zama gajere, ta shiga ba tsalle.

Yaya: Ɓerayen gidan Hajiya dai sun samu hutu.

Baba: Madara mai ɗumi da dare tana sa su barci.

Anti: Zawo take sa su Baba, manyan maguna ba sa narkar da ita. Gara ɗan dafaffen kifi ba ƙaya, ba gishiri, ba albasa, dab da kwanciya.

Baba: Magunan rugage fa? Nono suke sha tun fil azal.

Anti: Kindirmo ai ya yi tsami, da sauƙi. Madarar da ba ta yi tsami ba, irin ta gwangwani, ita ce matsalar.

Hajiya: Nauyin fa, yaya zan auna ta?

Dakta: Ki hau sikeli da ita a hannu, ki sake hawa ke kaɗai, ki cire. Kowane wata, ki rubuta. In ta yi kwana biyu ba ta ci ba, kada ki jira. Idan kina kusa da Zariya, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU).

Yaya: Dakta, fiya-fiya fa? Ɗakin da take kwana ake fesawa.

Dakta: A fitar da ita da kwanon ruwanta da shimfiɗarta, sai ɗakin ya sha iska sosai ƙasa ta bushe, domin tana lasar ƙafafunta.

Baba: Ni dai ban yarda da maganar madarar nan ba.