Da Hausa, me za mu kira "grammar school"?

Assalamu alaikum. Malaman Hausa da ke nan, da iyayenmu mata da suka yi makarantar kwana tun ana cewa Jihar Arewa, ku taimaka mini da kalma ɗaya. Tun watan Maris take mini yawo a ka.

A yankin Kent na ƙasar Ingila muke zaune. 'Yata ta fari ta zauna jarrabawar da yara ke yi a nan cikin Satumba, a ajin ƙarshe na firamare, ta ci, da Maris ya kama aka ba ta gurbi a wata makarantar 'yan mata irin wadda Turawa ke kira "grammar school". Na ɗauki waya in yi wa Hajiya albishir a Katsina. Bayan ta gama sa albarka sai ta ce, "To wace irin makaranta ce?" Baki ya riga tunani, na ce mata makarantar nahawu. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Ikon Allah, ashe har can ana zama a karanta Larabci haka? Allah ya sa ta fi malamanta." Na ɗauki wajen minti goma ina warware abin da na ƙulla, har muka yi sallama ban tabbata ta ga makarantar a ranta yadda take ba. Abin ya tsaya mini, don Hajiya ce ta sayar da awakinta aka yi mini sayayya lokacin da zan tafi makarantar kwana. Ta cancanci a gaya mata inda jikarta za ta shiga da kalmar da za ta gane.

Kuma ba ta yi kuskure ba. A kunnen Bahaushe nahawu na zaure ne, malami a kan buzu, ɗalibi da littafi a cinya ana i'irabi. Asalin sunan a Ingila ma bai yi nisa da haka ba. Ɗaruruwan shekaru da suka wuce makarantu ne na yara maza zalla, inda ake dasa musu nahawun harshen Latin, harshen coci da na masu ilimi a lokacin. Wanda ke ba da tarihin wancan zamani, in ya ce makarantar nahawu ya faɗi daidai. Amma sunan ya zauna, abin da ke cikinsa ya canza. Dokar 1869 ta buɗe hanyar amfani da dukiyar wakafin tsofaffin makarantu wajen ilimin 'yan mata, aka samu irin ta garin Bradford a 1875. Sai dokar ilimi ta 1944 ta mayar da sakandaren gwamnati kyauta, ta raba ta gida uku, jarrabawar da yaro ke yi yana wajen shekara 11 ita ke nuna masa gidan da zai faɗa. Kamar ɗaya cikin huɗu ko biyar ne ke samun shiga wannan da muke magana a kai. Daga 1965 gwamnati ta fara rushe tsarin, yau saura 163 a Ingila, kuma Kent ta fi kowace gunduma yawansu. Lissafi, kimiyya, tarihi, Faransanci, duk ana yi. Nahawu ba shi ne ya bambanta ta da sauran ba, ƙofar shigarta ce.

Wadda ta sa na gane haka sosai maƙwabciyata ce, wata tsohuwa Baturiya da ta haura tamanin. Ranar da muka dawo daga sayen kayan yarinyar, ta hango mu ta taga da kwat ɗin makarantar a rataye cikin leda, ta fito ta tare mu a bakin ƙofa. Ta shafa bajon da ke aljihun kwat ɗin da ɗan yatsa, ta ce mu shigo mu sha shayi. Ita ma irin makarantar ta yi a shekarun 1950. Babanta ma'aikaci ne a tashar ƙera jiragen ruwan soja ta Chatham, wadda aka rufe a 1984. Ta ce ranar da takardar cin jarrabawarta ta zo, murnar gidan ba ta kai magariba ba, don a bayan takardar akwai jerin kayan da za a saya, kuma shago ɗaya tak aka yarda a saya a cikinsa. Mamanta ta zauna da fensir tana ta lissafi a bayan ambulan.

Ta ɗauko wani tsohon gwangwanin biskit. A ciki akwai zaren da ke zagaye da hularta, launinsa ya koɗe, da hoto baƙi da fari: 'yan mata a jere, kowace da farar riga mai dogon hannu, a kanta wata riga marar hannu mai duhu, wuyanta murabba'i, tattara uku manya sun sauko daga ƙirji har gwiwa, an ɗaure ƙugu da ɗamara. Tata ta yi mata yawa ƙwarai, don an sayo ta ne da niyyar ta kai ta shekara biyar, ana sauke kalmasa duk shekara. Ta ce farkon zango sai a sa su durƙusa a ɗakin taro, malama na bi layi layi, duk wadda bakin rigarta bai taɓa ƙasa ba ta ji a jikinta. Hula iri biyu ce, ta ulu da sanyi, malafa da bazara, kuma laifi ne babba a gan ki a titi ko cikin bas kanki ba hula. Takalmi ma biyu, na waje da na cikin aji. Ko safa sai an ɗinka mata suna.

Sai ta faɗi abin da ya sa na buɗe wannan zance. Ƙanwarta ba ta ci jarrabawar ba. Ɗaki ɗaya suke kwana, da safe su fito tare, a bakin titi ita ta yi dama da hularta da kwat, ƙanwar ta yi hagu. Kowa a layin ya san wadda ta ci da wadda ta faɗi, tufafin ne ke shela. Ta ce har ƙanwar ta rasu ba su taɓa zama sun yi maganar ba. Tana faɗa tana juya zaren hular nan a hannunta.

Na dawo, na karanta amsoshinku, Allah ya saka da alheri. Bari in bi waɗanda suka fi tsaya mini.

Da yawanku kun ce makarantar haziƙai. Tana da daɗin faɗi, kuma da ita na fara bayan na bar nahawu. Amma tun da na ga gwangwanin nan na kasa furta ta. In waɗannan ne haziƙai, ƙanwar maƙwabciyata mece ce? Yarinya ce da aka yanke wa hukunci da aikin safiya ɗaya tana 'yar shekara goma. Kuma sananne ne cewa a wancan zamani, a gundumomi da dama sai yarinya ta fi yaro maki kafin a ba ta gurbi, don 'yan mata sun fi cin jarrabawar, guraben nasu kuwa ba su kai ba. Ke nan akwai haziƙai da yawa da aka bari a waje da gangan. Ga shi kuma mai karatu a Nijeriya in ya ji makarantar haziƙai hankalinsa zai tafi ta tarayya da ke Suleja, ta yara masu baiwa, wadda wani abu ce daban.

Yayanmu da ya ce makarantar 'yan gata, na ji inda ka dosa, Yaya, kuma akwai gaskiya a ciki. A nan iyaye na kashe kuɗi sosai kan malaman lesin kafin jarrabawar, mai hali ya fi samun ɗansa ya tsallake. Mu ma mun biya, ba zan ɓoye ba. Sai dai makarantar ta gwamnati ce, ba a biyan kuɗin zango. In na ce wa Hajiya ta 'yan gata, za ta ɗauka irin masu tsadar nan ne na kuɗi. 'Yar ma'aikacin tashar jirgi ta shiga, Margaret Thatcher ma, 'yar mai kanti a garin Grantham, irinta ta yi. Hukuncinka a kan makarantar abin tattaunawa ne, amma bai kamata a cusa shi cikin sunanta ba.

Makaranta ta musamman ba za ta yiwu ba, ta riga ta zama ta masu buƙata ta musamman. Sakandaren zaɓe kuwa kunne zai kai ta rumfar ƙuri'a.

Malam da ya ce a bar ta a aro kawai, a ce girama, kamar yadda muka ari firamare da sakandare da kwaleji, har da elemantare da midil na zamanin kakanninmu: Allah ya gafarta Malam, ba na ƙin aro. Amma waɗancan an are su ne tare da abin, mutane suka ga ginin, suka kai 'ya'yansu, kalmar ta cika da ma'ana. Girama ba ta da gini a ƙasar Hausa. Wanda ya san ta ma daga kudu ya san ta, inda tun makarantar mishan ta CMS da aka buɗe a Legas a 1859 sunan ya bazu, har ya zama kusan kowace sakandare na iya ɗaukarsa. Waɗannan na kudu, in suna ne a bar shi yadda yake, in bayani ne a ce sakandare, shi ke nan.

Wadda ta buɗe mini ido Anti ce da ta tuna mana makarantun kimiyya na Kano, Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka fara a 1977, da na 'yan mata irin ta Garko. Gaskiyarki Anti, abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Gwamnati ce da su, ba kowa ke shiga ba, sai an yi jarrabawa an tace. Kalmar da muke amfani da ita kullum a wannan aiki kuwa ita ce tantancewa. Ana tantance maniyyata, ana tantance masu neman aiki. Don haka na tsaya a kan sakandaren tantancewa, ta mata kuma sakandaren tantancewa ta 'yan mata. Na san tana da ɗan tsawo, ba ta da zaƙin haziƙai. Amma ba ta yabi wadda ta shiga ba, ba ta kushe wadda aka bari ba, ta dai faɗi abin da ake yi a bakin ƙofa, kuma duk wanda ya ji ta zai san akwai waɗanda ba su wuce ba.

Kan abin da za mu kira tufafin da ɗalibai ke sawa kuma, na ga gardama ta fi zafi a can. Yunifom ko inifam ta zauna a baki, ba mai korar ta. Kayan sarki na soja ne da ɗan sanda da gandiroba, ba a sa wa 'yar makaranta. Ƙanwata da ta kawo anko, a'a ƙanwata: anko da son rai ake yinsa, na yini ɗaya ne, ke kika zaɓi atamfar ko ƙawarki amarya. Abin da tsofaffin ɗalibai ke ɗinkawa ranar taron shekara, wannan anko ne tsaf. Wanda aka sa ki durƙusa a auna tsawonsa ba anko ba ne. Kayan makaranta shi muke cewa a gida, kuma ya isa a magana, duk da yakan haɗa har jaka da littattafai. A rubutu, inda ake gudun ruɗani, tufafin makaranta ya fi fita.

Rigar nan marar hannu ce ta rage mini. Turawa na ce mata "gymslip", don asalinta ta motsa jiki ce: wata ɗaliba mai suna Mary Tait ce ta fito da ita a shekarun 1890, a kwalejin horar da malaman wasanni mata ta Madam Österberg, wadda ta zauna a Dartford, nan cikin Kent. An yi ta ne don yarinya ta iya gudu da tsalle ba dogon siket ya harɗe ta ba, daga baya ta zama rigar aji. Da na ga hoton sai na ga ai 'yar'uwar finafo ɗinmu ce, wadda muka sa a firamare kafin riga da wando da hijabi su karɓi wurin a yawancin makarantunmu. Ba shimi ba ce, don shimi a ciki take. Ba 'yar shara ba ce, ta maza ce. Ni dai finafo mai tattara nake ce mata a yanzu.

Jiya na sake kiran Hajiya. Na ce mata sakandaren tantancewa ce, ta gwamnati, ta 'yan mata zalla, sai an ci jarrabawa ake shiga. Ta ce, "Au, irin ta kimiyyar nan ta Kano? To ai da haka kika ce tun farko." Sannan ta tambayi ko ƙawar yarinyar da suke zuwa firamare tare ita ma ta samu. Na ce a'a. Ta ce in gaishe da uwarta, kuma kada in bari yarinyar ta je gidansu da kwat ɗin a jikinta.

Iyayenmu da suka yi Queen Elizabeth ta Ilorin, ko Queen Amina ta Kakuri tun tana Queen of Apostles, ko Dala a Kano, in a zamaninku an sa irin wannan riga marar hannu, me kuke ce mata a tsakaninku in kuna hira da Hausa a ɗakin kwana?