Shawarwari ga mai son nazarin lanƙwasar ma'adinan can ƙarƙashin ƙasa

Malaman kimiyyar ƙasa da suka tattauna a Maradi sun fi nanata abu guda: ɗalibi ya riƙe lissafi da fizik tun yana lisans, domin haddar sunayen duwatsu kaɗai ba ta kai mutum ko'ina a wannan fanni. Bayan masta, a nemi digirin dakta inda kayan aiki suke, kamar Lille a Faransa ko Bayreuth a Jamus.

Aikin kansa fa? Don a kwaikwayi matsi da zafin can ƙarƙashin ƙasa, ana matse ƙwayar olibin, wani koren ma'adini da ke cikin duwatsun can, tsakanin lu'ulu'u biyu, a zafafa ta da leza, a haska ta da hasken X a cibiyar bincike irin ta Grenoble a Faransa. A zurfin kilomita 410 olibin yana sauya tsari, a 660 kuma ya rabu ya ba da wani ma'adini mai suna birijimanit. Abin da ke cinye watanni shi ne saitin lu'ulu'un: fuskokinsu suka ɗan karkace, sai su tsage ana tsakiyar matsawa. Ɗan ruwa a cikin samfur ma yana tausasa shi, sakamakon ya gurɓace.

Wani malami ya ja kunne cewa gwaji na ƴan awoyi ne, ƙasa kuwa miliyoyin shekaru take lanƙwasa dutse. Don haka a koyi kwaikwayon lanƙwasar ta hanyar lissafi da kwamfuta, wanda ana iya fara shi daga nan gida.