Neman shawara: Shin ƙwayoyin iPS za su taimaki mahaifinmu mai cutar Fakinsan?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Mahaifinmu yana fama da cutar Fakinsan, kuma maganin lebodofa ya daina riƙe shi kamar da, domin karkarwa da sandarewar jiki kan dawo kafin lokacin shan na gaba ya yi. Yayana ya ga tallar wani asibitin kuɗi da ke cewa yana warkar da cutar da ƙwayoyin asali na iPS ta hanyar ƙarin ruwa a jijiya. Kan iyali ya rabu, shi ya sa nake roƙon masu sani su yi mana bayani.

Wani likita:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ƙwayoyin iPS gaskiya ne. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kiyoto a Japan ya nuna cewa idan aka cusa ƙwayoyin gado guda 4 cikin ƙwayar halittar ɓera da ta riga ta girma, takan koma kamar ta farkon ɗan tayi, wadda za a iya sarrafa ta ta zama ta ƙwaƙwalwa, ta zuciya ko ta ido; irin waɗannan ƙwayoyin halitta ake kira iPS. A 2007 aka yi hakan da ƙwayoyin ɗan Adam, kuma a 2012 ya raba lambar yabo ta Nobel da John Gurdon.

Amma ki lura da yadda aka gwada su a kan Fakinsan. A gwajin da aka fara a Kiyoto a 2018, sai da aka mayar da su ƙwayoyin da za su samar da sinadarin dofamin, wanda ƙarancinsa a ƙwaƙwalwa ke jawo alamun cutar, sannan aka huda ƙoƙon kai aka dasa su a cikin ƙwaƙwalwa, aka kuma ba marasa lafiyar maganin da ke hana garkuwar jiki yaƙarsu. Mutum 7 kacal aka yi wa, kuma sakamakon da aka wallafa a 2025 ya nuna ba a ga ƙari ya tsiro ba bayan shekara 2, wasu kuma sun sami sauƙin motsi. Wannan abin ƙarfafa gwiwa ne, sai dai ba shi da kama da ƙarin ruwa ko kaɗan. Ƙwayar iPS da ba a gama sarrafawa ba kan iya tsiro da ƙari a jiki, don haka ko dai abin da asibitin ke sayarwa wani abu ne daban, ko kuma yana da haɗari.

Wata mai bincike a ɗakin gwaji:
Na yarda da Likita, kuma zan ƙara da cewa babban amfaninsu a yau yana ɗakin bincike. Mukan ɗebi jini ko ɗan yankin fatar mara lafiya, mu samar da ƙwayoyin jijiya masu ɗauke da gadonsa, mu ga yadda cutar ke lalata su, sannan mu gwada magunguna a kansu ba tare da an taɓa jikinsa ba. Ta haka masana a Jami'ar Keio ta Japan suka gano cewa rofinirol, wanda dama maganin Fakinsan ne, ya cancanci a gwada shi a kan cutar ALS, mai lalata jijiyoyin da ke motsa tsoka. Game da taka-tsantsan kuwa, bayan da Masayo Takahashi ta jagoranci dashen farko a idon wata dattijuwa a birnin Kobe na Japan a 2014, an fasa yi wa mutum na biyu saboda an ga sauyi a gadon ƙwayoyin da aka shirya masa.

Wani ɗan rukuni:
'Yar uwa, ku nemi asibitin ya ba ku lambar rajistar gwajinsa da izinin hukumar magunguna a rubuce. A 2015 mata 3 a Fulorida ta Amurka sun yi mummunar asarar gani bayan an yi musu allurar ƙwayoyin da aka tatso daga kitsensu a ido, su ma da sunan ƙwayoyin asali.

Likitan ya ƙara da cewa:
Raguwar ƙarfin lebodofa sananniyar matsala ce, kuma likitan jijiyoyi na iya sauya yawan maganin da lokutan shansa, ko ya haɗa da wani, ko ya duba ko Baba ya dace da na'urar da ake dasawa don motsa ƙwaƙwalwa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan nuna wa Yaya wannan bayani, kuma za mu riƙa rubuta lokutan da karkarwar ke dawowa domin mu kai wa likitan Baba.