A dawo da tolget, ko dama can muna biya?

Daga zauren WhatsApp na 'yan garinmu, bayan sallar isha'i.

Malamin sakandare: Jama'a, ni fa a ganina kuskure Obasanjo ya yi da ya soke tolget a hanyoyin tarayya a ƙarshen 2003. Mai bin titi ya biya, a gyara da kuɗinsa. Ga sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri da aka ƙaddamar a 2024, za ta ratsa Kebbi. In ba a sa mata kuɗin wucewa ba, wata rana sai ta koma kamar ta Koko zuwa Yawuri.

Direban J5: Allah gafarta Malam, kai da babur kake zuwa makaranta, shi ya sa. Daga Jega zuwa Kwantagora ka san sau nawa nake miƙa hannu ta taga? Na tasha daban, na ƙungiya daban, ga masu gitta katako mai ƙusa, ko rasit babu. Watan jiya rami ya cinye mini shokazoba da taya ɗaya, albasa ta kwana a daji. Wannan ma tolget ne, bakanike ke karɓa.

Malamin sakandare: To ai ka kawo kanka. Da wanda zai shiga aljihun wani, ba gara ƙofa ɗaya mai rasit ba?

Direban J5: In an kafa taka, waɗancan za su tashi ne?

Goggo mai kifi: Ku kuna ta kwalta, mu na ruwa an manta da mu. Tun da aka datse Kainji a 1968 kututturan itatuwa ke kwance ƙarƙashin ruwa, in rani ya yi su ke fasa jirage. Kun manta jirgin da ya nutse a Warra a 2021? Mutum sama da ɗari ne a cikinsa. Mu ma muna biya a bakin ruwa, kowane kwandon banda da kuɗinsa, amma rigar ruwa sai in an ji baƙi za su zo. Ɗana, kuɗin fasinjan kwale-kwale nawa ne da zai tone kututture ko ya yashe kogi? Aikin NIWA ne, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, da kuɗin gwamnati.

Ɗalibi a Aliero: Goggo ta gama magana. Filin jirgin sama na Ambursa ma da kuɗin jiha aka gina shi, har da harajin wanda bai taɓa shiga jirgi ba. Fasinja na biyan kuɗin fili a cikin tikiti, amma jirgi nawa ke sauka a mako? Layin dogo kuwa ko taku ɗaya ba mu da shi a Kebbi. Maƙwabta dai sun samu, ya kai Ƙauran Namoda tun 1929, shi ma don kwasar gyaɗa da auduga Bature ya shimfiɗa.

Malamin sakandare: Hujjata ke nan. Babbar hanya mai tireloli ta ciyar da kanta, kasafi ya huta ya koma kan ruwan Goggo.

Direban J5: Haka aka ce mana a 2023 da aka cire tallafin mai, wai rarar za ta dawo kan tituna. Malam, gobe da asuba zan ɗauki kaya zuwa Yawuri, kujerar gaba taka ce kyauta. Ka zo da biro ka ƙirga shingayen.

Malamin sakandare: Gobe ina da jarrabawa.

Goggo mai kifi: Hhhh. In ka iso ka kira ni, akwai kwando biyu na Birnin Kebbi.