Yaya zan koya wa yara launin damina da rani, da yadda tsuntsu ke ɓuya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Gadarif nake, a ƙasar Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 'ya'yan yayata uku suka dawo wurina daga Khartum, ga nawa biyu. Da la'asar nakan zaunar da su mu ɗan yi karatu. Jiya na samo wani darasi a waya, wai shekara kashi huɗu ce, ganye ya yi ja ya zube, wani tsuntsu kuma ya koma fari don ya saje da ƙanƙara. Sai babbar ta ce, "Inna, mu a ina muka taɓa ganin wannan?" Wallahi na rasa ta cewa. Don Allah masu koyarwa ku taimaka, ta ina zan ɓullo musu?

Wani malamin firamare daga Mai Wurno:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yarinyar ta fi darasin gaskiya. Tsuntsun nan akwai shi, amma a ƙasashen ƙanƙara irin su Kanada da Norway yake. Ki faɗa musu haka, ki ajiye wayar, ki kai su bayan gari. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce mai tsagewa da rani. Ruwa na sauka a Yuni ko Yuli sai ta yi kore shar, daga Oktoba kuma ciyawa ta koma ruwan ƙasa. Launi uku ke nan a ƙofar gida. Ki nuna musu gawo, wanda Larabawan nan ke kira haraz: kowa na kore da damina shi yana tsirara, da rani kuma ya fito da ganye. Yara na son abin da ya saɓa wa sauran.

Wani dattijo manomi:
'Yata, ki bari sai dawa ta yi tsayi ki nuna musu tsuntsun nan mulufi. Namijin ja ne wur da baƙi, yana bisa kara yana kumbura gashi don mata su gan shi. Da an gama girbi sai ya zubar da wannan ado, ya koma kamar matarsa, launin busasshen kara, ka wuce shi ba ka sani ba. Ita matar dama ba ta ado, ita ke kwanci a sheƙa, in ta yi ja ai ta kira shaho da kanta. Yautai ma fa? Ko sheƙa ba ya yi, a ƙasa yake zuba ƙwai. Sau nawa na kusa taka shi a gona, sai dai in ji fir a gaban ƙafata.

Wata uwa daga Kasala:
Ni wasa nake yi musu. Ki gauraya farin riɗi da habbatus sauda, ki watsa a baƙar ƙasa, ki ce su ne tsuntsaye, su tsince kafin ki ƙirga ashirin. Riɗin za su kwaso, baƙin ya tsira. Gobe ki maimaita a kan farin buhu. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki dai kore kaji tukuna, ni nawa sun cinye min darasin farko.

Malamin firamare:
Na manta. Kada su ɗauka kowane tsuntsu ɓuya yake yi. Balbela fara ce fat a cikin shanu, shamuwa kuma, wadda ake kira simbiriya a nan, a bisa itacen cikin gari take sheƙa, zuwanta ne ma ke nuna damina ta kusa.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri, Baba da Malam da 'yar uwa. Yau mun gwada na riɗi. Ƙaramin ya tsinci nasa ya watsa a baki, ya ce ai shi tsuntsu ne. Baba, da wane lokaci aka fi ganin mulufin, da safe ko da yamma?